Abincin Damina Ba Abin Kunya Ba Ne

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari wanda na san wasu za su ce ƙarami ne, har ma su yi dariya, watau abincin da muke ci in ruwa ya sauka. Ni ma da haka na ɗauke shi, sai da wani abu ya same ni a daminar bara, sa'an nan na gane ashe maganar tana da nauyi. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

A Unguwar Kanawa aka haife ni, a nan kuma na tashi. Duk wanda ya zauna Kaduna ya san daminarmu doguwa ce, takan faro tun wajen watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, ruwan da ke zuba a shekara kuwa ya haura milimita 1,000, watau ya fi na Kano da Katsina da Sakkwato. In hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, sai ka ga mata suna gudun kwashe shanya, masu tireda suna jan leda a kan kaya, masu keke napep suna sauke labule. Da ruwa ya kece, kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai, galibi kuma a ɗauke wuta. A irin wannan lokaci ba abin da ran mutum yake so kamar abu mai zafi, mai yaji, wanda zai kori sanyi daga ƙirji.

Kakanninmu kuwa ba su bar mu hannu rabbana ba. Da safe akwai koko da ƙosai, ko kunun tsamiya, ko kunun gyaɗa. Da hantsi akwai ɗan wake da mai da yaji, ko kwaɗon rama, ko na zogale, ko na tafasa, an sa musu ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Daga wajen watan Yuli sabuwar masara takan shigo gari, ka ji ƙamshin gashinta a bakin titi tun daga Kawo har Unguwar Sarki, daga baya kuma ga dafaffiyar gyaɗa, ga gurjiya, ga yalo. Amma sarkinsu duka a gidanmu shi ne faten tsaki. Akan ɗora ruwa da manja da daddawa da attaruhu da albasa da gauta, in ya tafasa a zuba tsakin masara ana juyawa don kada ya yi gudaji, a sa dakakkiyar gyaɗa, wani lokaci da wake, sa'an nan daga ƙarshe a watsa yakuwa da alayyahu a rufe. In aka sauke shi yana tiriri, ruwa na zuba a waje, kowa ya ja kwanonsa, wallahi ba ka tuna akwai wani abu wai shi sanyi.

To, ga abin da ya same ni. Ran nan cikin watan Yuli muna tsakiyar jarrabawa, aka kwana ana ruwa, aka wayi gari ana yi. Kakata, wadda muke kira Iya, ta tashi tun da asuba ta dama fate, ta zuba mini a kula ta ce in tafi da shi, don ta san ba zan dawo da wuri ba. Da aka tashi tara na buɗe kula, ƙamshin daddawa ya cika aji. Sai wani abokina ya toshe hanci ya ce, "Kai, wane ne ya shigo mana da ƙauye cikin aji?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce Bazazzagi ba ya rabuwa da fate ko a Landan. Na san wasa ne irin namu, amma kunya ta kama ni, na rufe kula na tura ƙarƙashin benci, na je na sayi biskit da ɗan kuɗin motata, na rubuta jarrabawar lissafi da yunwa, na kuma taka da ƙafa zuwa gida cikin yayyafi.

Da Iya ta buɗe kula ta ga fate ya sandare ba a taɓa shi ba, sai ta dube ni ta ce, "Maigida, yau uwargida ta yi laifi ne aka dawo mata da girkinta?" Na ce, "A'a Iya, ƙoshi ne." Ta yi murmushi ta ce, "Mai ƙoshi ba ya shigowa gida yana leƙen tukunya." Ba ta ƙara cewa kome ba, ta ɗumama shi ta miƙa wa almajirin da ke fakewa a zauren gidanmu, ya shanye tas yana sa mata albarka. Ina tsaye ina kallo, cikina yana kuka. Tun daga ranar nake tambayar kaina, me ya sa na ji kunyar abin da ya rene ni, alhali ban ji kunyar biskit ɗin da bai kai mini ko'ina ba?

Abin mamaki, daga Indiya na fara samun amsa. Mu Hausawa mun daɗe muna kallon finafinan Indiya, tun zamanin da iyayenmu ke zuwa silima har zuwa yanzu da ake fassara su da Hausa, kuma duk mai kallonsu ya san yadda mutanen nan ke murna da ruwan sama. Baffana, wanda Ba'indiye ya koyar da su lissafi a sakandare cikin shekarun 1980, shi ya fara ba ni labarin daminarsu, daga baya na bincika a laburare. Suna ce da ita monsun, kalmar kuwa asalinta Larabci ne, mausim, watau lokaci na shekara. Takan fara sauka a jihar Kerala da ke kudancin ƙasar wajen 1 ga watan Yuni, ta yi ta hawa arewa, ba ta janyewa sai Satumba, kuma a cikin waɗannan watanni huɗu suke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan shekara. Iskar da ke kawo musu ruwa daga teku take tasowa, kamar yadda tamu take ɗauko laima daga tekun Atilantika, har ma masana labarin ƙasa suna kiran tamu da wannan suna.

Me suke ci in ruwa ya tsare su? Suna da wani abu wai shi pakora, ana kwaɓa garin wani irin wake nasu da albasa da barkono da ganye, a soya cikin mai. Duk wanda ya ji wannan ya san ɗan'uwan ƙosai ne. Suna da kicidi, watau shinkafa da ƙananan wake da ake dafawa tare har su yi luguf, a sa kurkum da man shanu, shi suke ba yara da tsofaffi da marasa lafiya. Wannan kuwa ba shi da maraba da fate, sai dai nasu na shinkafa ne, namu na tsaki. Suna gasa masara a kan garwashi a bakin titi, su goga mata lemun tsami da gishiri da yaji. Suna kuma dafa shayi da madara da citta da kanumfari da masoro, kamar dai na mai shayin bakin layinmu. Ga ƙasa mai mutane fiye da biliyan ɗaya da miliyan 400, wadda ta sauke na'urarta a kan wata cikin Agustan 2023, amma likitanta da injiniyanta ba sa jin kunyar tsayawa bakin titi cin gasasshiyar masara. Har a finafinansu suna nuna ta da alfahari, mu kuwa muna kallo muna sha'awa, ga irinta a ƙofar gidanmu muna raina ta.

Bugu da ƙari, Indiya ce ta kai shawara gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince a shekarar 2021, aka sa wa 2023 suna Shekarar Gero ta Duniya. Geron nan dai da muke yin kunu da fura da shi, wanda Nijar da Nijeriya suke cikin ƙasashen da suka fi kowa noma shi. Zogalen da ke bayan ɗakin Iya ma asalinsa daga arewacin Indiya yake, yanzu kuwa garin ganyensa ake ƙullawa ana sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. Citta ma haka, Indiya ce kan gaba wajen nomanta a duniya, Nijeriya tana sahun farko, mafi yawan tamu kuwa daga jiharmu take fitowa, daga ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ashe abin da nake ɓoyewa ƙarƙashin benci, wasu kasuwar duniya suke kai shi.

Amma ba don Indiyawa suna yi ne nake cewa mu riƙe namu ba, domin in haka ne kwaikwayo muka sake yi. Dalilaina guda huɗu ne, zan kuwa kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, abincin damina dabara ce ta tsira da kakanninmu suka gano. Kowa ya san tsakiyar damina ita ce lokacin da ya fi tsanani a ƙasar Hausa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, farashi ya hau a kasuwa, ga aikin gona ya yi yawa. A daidai wannan lokaci ne Allah cikin ikonsa yake fito da rama da tafasa da yakuwa da alayyahu, wasu ma ba wanda ya shuka su. Sai mata suka gano cewa in aka haɗa ɗan tsaki kaɗan da ganye mai yawa da gyaɗa, gida duka zai ƙoshi. A gidanmu mudu guda na tsaki yakan ishe mu mu tara, har a miƙa wa maƙwabta. Wannan ilimi ba tsohon yayi ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowane magidanci ya ji a jikinsa, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da uwa ta iya sarrafa tsaki da ganye ya fi samun sauƙin wannan hali bisa gidan da ba a san kome ba sai abin da aka ƙulla a leda.

Na biyu, abinci ne mai gina jiki. A darasin kimiyya an koya mana cewa hatsi shi kaɗai bai cika ba, wake shi kaɗai ma bai cika ba, amma in aka haɗa su sai kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa wajen sinadarin gina jiki. To koko da ƙosai ke nan, fate da wake da gyaɗa ke nan. Ganyen zogale da alayyahu suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A mai taimakon ido. Damina kuwa lokacin sauro ne da zazzaɓin cizonsa, wanda ke shanye jinin yara da mata masu ciki, saboda haka lokacin ne jiki ya fi bukatar irin wannan abinci. Iya ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da take zubawa a tukunya shi ne malaminmu yake zanawa a allo. Taliyar nan ta leda da muke rububi, wadda wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro irinta a 1958, ba na cewa guba ce, ni ma ina ci. Amma garin alkama ne da mai da gishiri, in ba a sa mata ƙwai ko ganye ba, ciki kawai ta cika.

Na uku, kuɗin yana zama a gida. Yawancin alkamar da ake yin burodi da biskit da taliya da ita a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, har mai shayin unguwarmu sai da ya ƙara kuɗin burodi. Masara kuwa jiharmu tana cikin waɗanda suka fi noma ta a ƙasar nan, wake kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin namu. A nan kusa da mu, a Samaru ta Zariya, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda tushenta ya faro tun 1922, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aikinta fito da ingantaccen irin masara da dawa da wake da gyaɗa. In ka sayi kwaɗon rama ko dafaffiyar gyaɗa, kuɗinka ya shiga hannun wata uwa a unguwa, daga ita ya wuce wurin mai kayan gwari a kasuwar Kawo, daga shi ya isa ga manomi a ƙauye. Da yawa daga cikinmu da irin wannan ciniki aka saya mana littattafai da rigar makaranta. Wanda ya toshe hanci don ƙamshin daddawa, watakila da kuɗin ƙosai aka biya masa kuɗin jarrabawa.

Na huɗu, zumunci. Fate ba a dafa shi don mutum ɗaya. Tukunya babba ake ɗorawa, a zuba wa na gida, a aika yaro da kwano gidan maƙwabta, gobe kwanon ya dawo da ɗan wake ko dambu. In ruwa ya tsare mu a ɗaki muna ɓare gyaɗa, a nan ne Iya take ba mu tatsuniya da labarin yadda Kaduna take sa'ad da aka kawo ta amarya. Yanzu kuwa kowa ya dafa 'yar ledarsa a ƙaramar tukunya, ya shige lungu da waya a hannu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san akwai masu ja da ni, kuma wasu maganganunsu gaskiya ne. Wata 'yar ajinmu ta ce mini, "Kai da ba ka shiga madafa, ka san wahalar gyaran ganye da hura jiƙaƙƙen icce?" Ban iya ba ta amsa ba, domin ta fi ni gaskiya. Iyayenmu mata da yawa yanzu suna fita aiki ko kasuwa, gas da gawayi sun yi tsada, icce kuma a damina hayaƙi ne kawai. Amma maganin wannan shi ne a raba aikin. Mu maza me zai hana mu kai niƙa, mu tsinke zogale, mu daka gyaɗa? Ni dai tun bara na koyi dama fate, ko da yake na farkon da na yi gudaji ne zalla, har Iya ta ce ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Wanda zai tafi jami'a ko bautar ƙasa bai iya dafa kome ba sai taliya, shi ne abin tausayi.

Magana ta biyu ita ce ta tsabta, ita ce kuma mafi muhimmanci. Damina lokacin amai da gudawa ne, domin ruwa yana kwaso ƙazantar kwata ya zuba a rijiyoyi. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a jihohin arewa. Saboda haka ba na goyon bayan a sayi kwaɗo a buɗe ƙudaje suna bi, ko a ci yalo ba a wanke ba. Abinci mai zafi da aka sauke yanzu ya fi aminci, a nan ma fate da kunu sun ci gari. In za a yi kwaɗo, a dafa ganye ya dahu, a wanke tumatir da albasa da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu, a rufe kwano. Haka kuma gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna saboda laima, a zubar da ita, domin fumfunar tana haifar da dafi mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Ga iyayenmu, don Allah ku koya mana girkin nan, maza da mata, tun masu iyawa suna raye, domin ba a rubuta shi a littafi ba, a hannun tsofaffi yake, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga hukumar makaranta, ina ba da shawara a ware rana guda a zangon damina, kowane aji ya dafa abincin gargajiya iri ɗaya, a gayyaci iyaye su ɗanɗana, mu ga faten acca na mutanen kudancin jiharmu kusa da faten tsaki, kowa ya san na ɗan'uwansa. A kuma ba ƙungiyar matasa manoma ɗan fili a bayan azuzuwa mu shuka zogale da rama da yakuwa. Ga 'yan'uwana ɗalibai, wasa tsakaninmu ba laifi ba ne, amma mu daina yi wa juna dariya a kan abin da ke cikin kula. Ba ka san halin da aka bari a gida ba, watakila wannan kwano shi ne iyakar abin da uwa ta iya haɗawa, ta kuwa hana kanta ta ba ɗanta. In ka sa ya rufe shi, ka raba shi da abincin yini, ka kuma sa ya raina hannun da ya dafa.

Bana da ruwa ya sauka na sake zuwa makaranta da kular fate, na buɗe ta a kan benci. Abokin nan nawa ya matso zai fara tsiya, na miƙa masa cokali. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, bai ɗago kai ba sai da muka ga ƙasan kula, sa'an nan ya ce in gaishe da Iya, in kuma tambaye ta ko gobe ma za a dama. Da na faɗa mata ta ce a gaya masa ya zo da kansa, ya taho da ganyen yakuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga cututtukanta, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.